Dodon Koɗin Tsargiya a Fadamar Haɗeja: Tarihin Sunan da Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya

Mai karatu, idan ka taɓa juya ganyen bado a wani kududdufi na fadamar Haɗeja, wataƙila ka ga wani ɗan mitsitsin dodon koɗi manne a ƙarƙashinsa. Girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Ka ɗauke shi ka riƙe, tsininsa na sama, bakinsa na kallonka. Idan bakin ya faɗo ta hannun hagunka, to akwai yiwuwar abin da ke hannunka ɗan dangin Bulinus ne, wato dangin da ke rainon tsutsar tsargiya kafin ta shiga jikin mutum.

To, daga nan wahalar take farawa. Bulinus dangi ne mai jinsi da yawa, kuma ba kowane jinsi ke ɗaukar cutar ba. Tambayar “wane ne wannan daga cikinsu?” ta ɗauki masana fiye da shekara 200 suna kai da komo, har yau ba a rufe littafinta ba. Wani abin sha'awa ma shi ne, ɗaya daga cikin sunayen da aka fi jayayya a kansu daga yankinmu ya fito, daga bakin Tafkin Chadi inda ruwan Kogin Haɗeja ke ƙarewa.

Me ya haɗa dodon koɗi da fitsarin jini?

Bari mu fara da cutar, don ka ga dalilin da ya sa zancen suna ba wasa ba ne. A 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a jijiyoyin jinin gawar da yake bincike a asibitin Kasr el-Aini da ke Alƙahira. An san tsutsar, amma an shafe fiye da shekara 60 ba a tabbatar da yadda take shiga mutum ba. Sai a 1913 Miyairi da Suzuki suka nuna a Japan cewa 'yar'uwarta ta can tana bi ta cikin dodon koɗi. A 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar da haka a Masar: tsutsar mafitsara, Schistosoma haematobium, tana bi ta cikin Bulinus, ta hanji kuwa tana bi ta cikin wani dangin daban da yanzu ake kira Biomphalaria.

Ga yadda abin yake. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe. Ɗan abin da ya fito yana da sa'o'i ƙalilan ya sami dodon koɗin da ya dace da shi, in bai samu ba ya mutu. In ya samu, sai ya hayayyafa a ciki na tsawon makonni huɗu zuwa shida. Daga nan dubban 'ya'ya masu wutsiya mai baki biyu su riƙa fitowa cikin ruwa, musamman da tsakar rana, lokacin da yara ke wanka kenan. Ba sai an sha ruwan ba, fata suke hudawa. A jikin mutum su girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayensu su riƙa yaga ta, shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. A wasu wurarenmu har ana ɗaukar wannan jini alamar balagar ɗa namiji. Ba haka ba ne. In cutar ta daɗe tana iya lalata ƙoda, tana jawo kansar mafitsara, tana kuma yi wa mata rauni a al'aura da mahaifa.

Ka riƙe wannan kalma: “wanda ya dace da shi”. Tsutsar tana da zaɓi. Saboda haka sanin jinsin da ke cikin ruwan ƙauye shi ne rabin sanin haɗarin da ke cikin ruwan.

Yadda masana ke raɗa suna

Kowace dabba tana da suna biyu a Latin: na dangi da na jinsi, kamar dai sunan gida da sunan yanka. Wanda ya fara bayyana jinsi yakan ajiye samfuri a gidan tarihi, ya faɗi wurin da aka samo shi. Dokar kuwa ita ce, idan daga baya aka gane cewa sunaye biyu na abu ɗaya ne, to wanda ya riga fitowa shi ne sunan, ƙanen ya koma laƙabi. An kuma amince cewa lissafin sunayen dabbobi yana farawa ne daga 1758, shekarar da Linnaeus ya fitar da bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae.

Wannan doka ta fara aiki a kan Bulinus tun ranar farko. Wani Bafaranshe, Michel Adanson, ya zauna a Senegal daga 1749, ya ga ɗan dodon koɗin a kududdufan Podor, ya kira shi “bulin” a littafinsa na 1757. Shekara ɗaya tak ya riga layin farawa, don haka sunansa bai shiga lissafi ba. Sai a 1781 masani ɗan ƙasar Danmak, O. F. Müller, ya mayar da shi Latin: Bulinus senegalensis. Ka lura da wannan suna, zai dawo mana a Kano.

Suna na biyu ya fito daga yaƙi. Lokacin da Napoliyon ya shiga Masar a 1798 ya tafi da tawagar masana, cikinsu har da Savigny, wanda ya tattara ƙananan dabbobi aka zana su. Ciwon ido ya hana shi rubuta bayaninsu, sai aka ɗora wa Victor Audouin aikin. Daga waɗannan zane-zane aka sami sunan truncatus a 1827. Na uku shi ne globosus, wanda Morelet ya bayyana a 1866 daga Angola.

Baƙon Shehu Umar

Yanzu mu dawo gida. A 1865 wani matafiyi Bajamushe, Gerhard Rohlfs, ya taso daga Turabulus ya ratsa Sahara. A 1866 ya iso Kukawa, fadar Shehu Umar na Barno, daga nan ya bi ta Bauchi da Keffi da Lakwaja ya fita Legas a 1867. Shekara 20 bayan zuwansa Kukawa, a 1886, wani masanin katantanwa a Jamus mai suna Stefan Clessin ya bayyana wani dodon koɗi daga Kuka a bakin Tafkin Chadi, ya sa masa sunan matafiyin: rohlfsi.

Clessin bai ma sa shi a dangin Bulinus ba. A dangin Physa ya sa shi, domin su ma bakinsu ta hagu yake. Ba za ka ga laifinsa sosai ba, don masanan wancan zamani busasshiyar katantanwa kawai take isa teburinsu a Turai, naman ya daɗe da ruɓewa a hanya. Da sun ga mai rai, da sun ga bambanci: Bulinus jininsa ja ne, yana da sinadarin da ke sa jinin mutum ja, Physa kuwa ba shi da shi. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa.

Haka aka yi ta yi a ƙarni na 19. Duk matafiyin da ya kawo katantanwa daga wani sabon tafki, in ta ɗan fi tsawo ko ta ɗan fi kumburi, sai a ba ta sabon suna. A 1890 Dautzenberg ya ƙara guernei da jousseaumei daga yankin Kogin Senegal. Sunaye suka taru fiye da ɗari. Muddin abin na masu tara katantanwa ne, babu wanda ya damu. Amma da Leiper ya nuna cewa waɗannan halittu su ne gadar da cuta ke bi, sai tarin sunayen ya zama matsalar likitoci. Jami'in lafiya a Kano ya karanta rahoton Masar, yana so ya sani: abin da ke cikin kududdufinmu shi ne nasu, ko wani ne daban?

Masu shara

Wanda ya fara share wannan tsakar gida shi ne Georg Mandahl-Barth, shi ma ɗan Danmak. A aikin da ya yi wa Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fito a 1957 da 1958, ya duba katantanwa, ya duba haƙoran da ke kan harshen dodon koɗin, ya duba gaɓoɓin haihuwa, ya rage sunayen ƙwarai. A wurinsa rohlfsi ba jinsi ba ne mai cin gashin kansa, reshe ne na truncatus. Shi ya sa za ka ga tsofaffin rahotanni suna rubuta suna uku a jere: Bulinus truncatus rohlfsi.

Da wannan suna ya yi kaurin suna a Gana. Bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965 aka sami Tafkin Bolta, wannan dodon koɗi ya bazu a cikin ciyawar ruwa, tsargiya ta mamaye ƙauyukan masunta da ke bakin tafkin, har a wasu wuraren kusan kowane yaro yana da ita. Tun kafin haka, a ƙarshen shekarun 1950, McCullough ya nuna wani abu a Gana: tsutsar tsargiya kanta iri biyu ce, akwai wadda ta fi kama rohlfsi, akwai wadda ta fi kama globosus. Wato kulle biyu, mabuɗi biyu. Ka ga kenan kuskuren suna na iya sa a yi feshi a ruwan da ba shi ne tushen cutar ba.

Daga shekarun 1960 aka daina dogara da ido kaɗai. John Burch na Jami'ar Michigan a Amurka ya ƙirga kuromosom, wato ɗaurin da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayar jiki. Yawancin Bulinus suna da 36. Truncatus yana da 72, ninki biyu. A tsaunukan Habasha ma an sami masu 108 da masu 144. Da aka duba rohlfsi da guernei, su ma 72 ne. Wannan ya nuna 'yan ɗaki ɗaya ne da truncatus, amma bai yanke hukuncin cewa abu ɗaya ne ba. Wasu masana suka ci gaba da ɗaukar rohlfsi a matsayin cikakken jinsi.

Da wannan matsayi ya shiga binciken da aka yi a ƙasarmu. A 1988 Betterton da Ndifon da abokan aikinsu suka wallafa nazari kashi biyu a kan tsargiya a Jihar Kano. Ka tuna, a lokacin Haɗeja tana cikin Jihar Kano, sai a watan Agusta 1991 aka ƙirƙiri Jigawa. Sun duba cutar a garuruwan da ke kusa da madatsun ruwa, sun bi ruwaye suna tattara dodon koɗi, sun kuma yi nazarin yadda Bulinus rohlfsi da Bulinus globosus ke binne kansu a laka su yi barcin rani har ruwa ya dawo. Sunan da suka yi amfani da shi kenan a kan takardar: rohlfsi.

Amma a daidai wannan lokaci ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin sunan. A 1986 Jelnes ya fitar da nazarin sinadaran enzayim na Bulinus ɗin Afirka ta Yamma da ta Arewa, inda ake sa naman dodon koɗi a wutar lantarki a ga yadda sinadaransa ke rarrabuwa. Ba a sami katangar da ta raba rohlfsi da guernei daga truncatus ba. Da David Brown na Gidan Tarihin Halittu na Landan ya fitar da bugu na biyu na babban littafinsa kan dodon koɗin ruwan Afirka a 1994, ya lissafa jinsi 37 na Bulinus cikin rukuni huɗu, kuma rohlfsi ba ya cikinsu. Ya koma laƙabin truncatus, domin 1827 ta girmi 1886. Dodon koɗin Kukawa da na Kogin Nilu sun zama abu ɗaya, bayan shekara 108.

Me ya sa suke ruɗar da mutane haka?

Dalili biyu ne manya. Na farko, katantanwa tana bin muhalli. Zafin ruwa, gudunsa, abinci da yawan sinadarin alli duk suna canza siffarta. Jinsi ɗaya zai iya yin kama biyu a tafki biyu.

Na biyun ya fi ban mamaki. Bulinus mata-maza ne, kowane ɗaya yana da gaɓar namiji da ta mace, kuma truncatus ya fi son ya yi wa kansa barbara. Wasu ma ana haihuwarsu babu gaɓar namijin da ake saduwa da ita sam, amma suna hayayyafa lafiya lau. A farkon shekarun 1990 Schrag da Read, tare da Ndifon na Jami'ar Bayero, sun yi nazarin wannan a kan dodon koɗin Arewacin Najeriya, suka nuna cewa zafi ko sanyin ruwa yana da hannu wajen yawan waɗanda ke fitowa haka. To ka yi tunani: guda ɗaya tak ya tsira daga rani, ko ambaliya ta kawo shi, zai iya cika kududdufi da zuriyarsa shi kaɗai. Duk na wannan kududdufi za su yi kama da juna kamar an tsaga kara, su kuma ɗan bambanta da na kududdufin gaba. Wanda ya ga samfuri biyu kawai a kan tebur a Turai, dole ya rantse jinsi biyu ne.

Inda har yanzu ake ja

Kada ka ɗauka an gama. A maganar rohlfsi an haɗe abin da aka raba. A wasu wuraren kuma akasin haka ake fama da shi, wato suna ɗaya ya rufe abubuwa da yawa.

Ɗauki senegalensis, wancan na Adanson. Siriri ne dogo, kuma yana kama ƙwarai da wani jinsin, forskalii. A 1983 Betterton da Fryer da Wright suka ba da rahotonsa a Arewacin Najeriya, binciken Kano na 1988 kuma ya same shi a bazu cikin ƙananan kududdufan damina. Bambancin ba ƙarami ba ne. Tun shekarun 1950 aka san senegalensis yana yaɗa tsargiyar mafitsara a Gambiya. Forskalii kuwa an fi saninsa da tsutsar shanu da wata tsutsar hanji ta tsakiyar Afirka. Duk wanda ya rubuta forskalii a inda senegalensis yake, ya wanke mai laifi kenan. Kuma wurin zamansa shi ne irin ramin da aka haƙi ƙasar gini a bayan gari, wanda ke cika da damina yara su mai da shi wurin iyo.

Sai globosus. Alamarsa ita ce ɗan karyewa a gindin ginshiƙin da ke cikin bakin katantanwar. Amma a yankin Sahel wannan alama takan dushe, sai iyakarsa da jousseaumei da kuma umbilicatus, wanda Mandahl-Barth ya bayyana a 1973 daga Sudan, ta zama da wuyar shatawa. Da aka shiga zamanin karanta DNA, nazarin da Kane da abokan aikinsa suka fitar a 2008 ya nuna cewa globosus ɗin Afirka ta Yamma da na Afirka ta Gabas sun yi nisa da juna a gado, duk da suna ɗaya suke amsawa. Ka tuna kuma asalin sunan daga Angola yake. Idan wata rana aka raba gidan, wanda ya fi kusa da na Angola shi zai gaji sunan, saura a nemo musu wani. Ba abin mamaki ba ne globosus ɗin da ke cikin rahotannin Kano da Jigawa ya wayi gari da sabon suna.

Ita ma tsutsar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. An gano tsutsar mutum da ta shanu, Schistosoma bovis, suna da gaurayen gado a Senegal da Nijar da wasu ƙasashe. Irin wannan gauraye na cikin abin da aka samu lokacin da tsargiya ta ɓulla a Kogin Cavu na tsibirin Kosika a Faransa daga 2013, kuma dodon koɗin da ya ɗauke ta a can truncatus ne. A ƙarƙashin madubin likita 'ya'yan tsutsar mutum da na shanu da ke fitowa daga dodon koɗi kusan ba a iya bambanta su. A fadamar da makiyayi da masunci da manomin shinkafa ke shiga ruwa ɗaya, wannan babbar magana ce.

Abin da ya shafi Haɗeja

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Bayan garin Haɗeja yana rarrabuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are kusa da Gashuwa su zama Yobe, su nufi Tafkin Chadi. A da, kogin na cika da damina ya janye da rani. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza wannan tsari, ga kuma aikin noman rani na kwarin Haɗeja a wajen Auyo. Yanzu akwai wuraren da ruwa ba ya ƙafewa duk shekara. Shaidar da kowa ke gani ita ce kacala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a wajen Guri da Kirikasamma da mashigar Marma.

Kowane jinsi da irin ruwan da yake so. Senegalensis na kududdufin da ke bushewa ne. Truncatus yana jin daɗin madatsu da magudanan ban ruwa da ruwa mai ciyawa da ba ya gudu. Idan tsarin ruwa ya canza, mazauna cikinsa ma sukan canza, lokacin kamuwa da cutar ma yakan tashi daga 'yan watanni ya koma kusan duk shekara. Abin da ya faru a Bolta kenan. Hanyar da za a bi a gane ko hakan na faruwa a wani yanki ita ce a kwatanta rahoton da da na yanzu. To a nan tarihin suna ke da amfani. Ɗalibin da ya ga rohlfsi a takardar 1988, ya ga truncatus a ta bana, in bai san labarin ba zai ce wani jinsi ya ɓace wani ya shigo, alhali dodon koɗi ɗaya ne ya canza suna.

Maganin firazikwantel da ake raba wa 'yan makaranta yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana yaro sake kamuwa in ya koma ruwan. Shi ya sa ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 suka haɗa da yaƙi da dodon koɗin kansa. Sai dai maganin feshin, nikolosamid, yana da tsada, kuma yana kashe kifi. A yankin da dubban gidaje ke ci daga su, ba a watsa irin wannan magani barkatai. Dole a san wane ruwa, wane wata, wane jinsi.

Saboda haka, in kai ɗalibi ne ko jami'in lafiya mai tattara dodon koɗi a Jigawa, kada ka tsaya ga siffar katantanwa kaɗai. Ka rubuta wurin da ranar da irin ruwan, ka adana wasu da namansu a cikin sinadarin ethanol don a iya karanta DNA ɗinsu, ka kuma faɗi littafin da ka bi wajen sa suna. In kuwa kai uba ne ko uwa, ba ka bukatar Latin: jini a fitsarin yaro cuta ce, tana da magani, a kai shi asibiti.

An ce suna linzami ne. A 2022 an wallafa cikakken jerin gadon halittar truncatus, abin da Clessin bai taɓa mafarkinsa ba lokacin da yake juya busasshiyar katantanwar Kukawa a hannunsa. Kayan aikin sun samu. Abin da ya rage shi ne samfuri daga ruwayenmu, wanda masananmu za su tattara, su karanta, su ajiye a inda na baya za su same shi.